Tambaya da Amsa: Lodin gaggawa da haƙƙin direba mai jan motar kansa

Wasiƙun wannan makon sun fi yawa daga direbobin Gombe da kewaye masu jan motar kansu, masu Kanta da J5 da akori-kura, waɗanda ke ɗaukar shatar kayan da ake so su isa da wuri. Ga huɗu daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan da na sayi Kanta, ni nake jan abata. Ina kai lamba tasha, amma sai in kwana uku ko huɗu layi bai zo kaina ba. Ina ake samun lodin gaggawar nan da nake jin ana biya da kyau? Daga mai Kanta a Kumo.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya sanya wa motar albarka. Kada ka bar tasha, ɗan'uwa. Rajistarka da ƙungiya, ko NURTW ko NARTO, ita ce sutura ranar da rigima ta taso. Sai dai lodin gaggawa ba ya bin layi. Wanda injin casar shinkafarsa ya tsaya ba zai tambayi wa ke kan layi ba, lambar direban da ya yarda da shi zai kira. Aikinka shi ne lambarka ta shiga wayoyin irin waɗannan mutane.

Ka fara da kayan da jira ke kashewa. Da rani akwai tumatir da tattasai da attaruhu na Kwadon da Dadin Kowa, waɗanda ake lodawa da yamma don a riski kasuwa da asuba. Akwai masu kiwon kaji da ke ɗauko 'yan tsaki, da masu ƙwai, da masu shagunan magani, da dillalan taki da iri a farkon damina, lokacin da manomi ba ya iya jiran mako guda. Hatsin kasuwar Tudun Hatsi da ke Gombe yana da yawa bayan kaka, amma yawancinsa na manyan motoci ne, kuma buhun masara ba ya gaggawa, saboda haka farashinsa a danne yake. Simintin Ashaka ma haka, na masu tirela ne da ke da kwangila. Abincin ƙaramar mota yana cikin saurinta ne, da kuma iya shiga lungun da tirela ba ta shiga.

Ka ware kwana biyu ka taka da ƙafarka, ka gaisa da shugabannin 'yan gwari da manyan masu shaguna. Ka faɗa musu abu uku: nauyin da motarka ke ɗauka, hanyoyin da kake bi, da cewa wayarka a kunne take dare da rana. Ka rubuta ranakun kasuwannin da ke kewaye da kai, ka riƙa kiran dillalai tun ana jajibiri. 'Yan kamasho ma ka riƙe su da mutunci, sun fi kowa sanin inda kaya suke kwance, amma a tsayar da la'ada kafin ka juya mota zuwa wajen lodi.

Abin da ya fi duka nauyi shi ne lodin dawowa, kuma tun kafin ka tashi ake nemansa. In Kano za ka, ya zama kana da mutum a kasuwannin Singa da Kantin Kwari da Ƙofar Ruwa, ka sanar da su ranar da za ka sauke. In Jos ce, akwai dankalin Turawa da kabeji da abincin kaji. A Bauchi akwai kasuwar Muda Lawal. Direban da sai ya sauke kaya sannan ya fara neman na dawowa, abin da aka ba shi zai karɓa, don kowa ya san gida yake son komawa.

Tambaya: Ina aiki ba hutu, kuɗi suna shigowa, amma duk ranar da mota ta lalace sai na ci bashi. Ni dai in na cire kuɗin gas na ga saura, sai in ce an yi riba. Yaya zan san farashin da ya kamata in yanka wa shata? Daga wani direba a Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Malam, ka riga ka gano ciwon da bakinka. Abin da ya rage bayan gas ba duka naka ba ne, akwai rabon taya, rabon makaniki, da rabon ita motar kanta, wadda kullum tsufa take. Wanda bai ware waɗannan ba jarinsa yake ci yana zaton riba ce.

Da farko ka san cin man motarka, a aune, ba da ka ba. Ka cika tanki fal, ka rubuta lambar da ke kan mita, ka yi tafiyarka da lodi, ka sake cikawa. Ka raba kilomitan da ka yi da litar da ta shiga. In mitar ta mutu, taswirar waya za ta ba ka nisan. Ka yi haka sau uku, domin hawan Jos da lodi daban yake da miƙaƙƙiyar hanya.

Ga misali, kuma alƙaluman mun zaɓe su ne don sauƙin lissafi, kai sai ka sa naka na yau. A ce tafiyar kilomita 400 ce, zuwa da dawowa 800. Motar tana yin kilomita 6 da lita ɗaya, za ta sha wajen lita 135. In lita ₦1,000 ce, gas ya tashi ₦135,000. Taya shida a kan ₦100,000 kowace, ₦600,000 ke nan, in suna kai ka kilomita 40,000 to kowace kilomita tana cin ₦15 na taya. Juyen baƙin mai da filta na ₦50,000 duk kilomita 5,000 ya zama ₦10. Birki da kuloci da sifirin da sauran gyara ka sa ₦20. Jimla ₦45 a kilomita, sau 800, ₦36,000. Kuɗin ƙungiya da rasit na hanya da abinci da sallamar yaron mota, a ce ₦30,000. Ladanka na tuƙi, kwana uku a kan ₦10,000, ₦30,000. Sannan rabon mota, wanda za ka tara don takardu da inshora da ranar da za a sauke inji ko a sake wata motar, ₦30,000. Duka ya kama ₦261,000.

Yanzu ka duba: in mai kaya ya ba ka ₦200,000, ka cire gas ka ga ₦65,000 a aljihu, za ka koma gida da murna. Alhali in ka dawo wayam, ₦61,000 ka tafka asara, sai dai ba za ka gan ta ba sai ranar da taya ta fashe. In kuwa ka tabbatar da lodin dawowa na ₦120,000, wannan ₦200,000 ɗin ta zama ciniki mai kyau. Shi ya sa babu farashi ɗaya na hanya ɗaya. Inda ka san babu kayan dawowa, kamar ƙauyen da za ka kai taki, mai shata ne zai ɗauki nauyin zuwa da dawowa, kuma ka faɗa masa dalili a fili.

Sai ladan gaggawa, wanda da yawa ke jin kunyar nema. Mai shata ya ɗauki hayar motar ce gaba ɗaya, ko kwali goma kawai ya sa. Ya hana ka jiran cikon lodi, ya hana ka tsayawa ɗaukar na hanya, wataƙila ya hana ka barci. Wannan yana da kuɗi, a ɗora shi a kan lissafin da ke sama. In tafiyar mai nisa ce irin ta Legas kuma an ce kada a kwana a hanya, a sa kuɗin direba na biyu a ciki. Kada ka yi alkawarin lokacin da sai da gudu za a cika shi. Gombe zuwa Bauchi kusan kilomita 155 ce, amma ramuka da shingaye ne ke yanke awoyin da za ka yi, musamman da damina. Ka ƙara awa ɗaya ko biyu a kan abin da ka saba, in ka isa da wuri sunanka ne ya gyaru.

Wani abu da muke jin zafinsa shi ne lodin wuce kima don a cike gurbin farashi mara kyau. Motar tan uku a ɗora mata biyar, sifirin ya miƙe, taya ta yi zafi, birki ya ƙi kamawa a gangara. Ƙarin kuɗin da aka samu ba ya sayen taya biyu, balle ran mutum. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 farashin komai na mota yake motsi, don haka masu J5 da akori-kura da masu gas duka, a sake wannan lissafin duk lokacin da lita ta canza.

Tambaya: Na kai tumatir wata kasuwa a kudu. Ɗan kamasho ya ba ni rabin kuɗi, ya ce wanda zai karɓi kaya zai cika mini. Da na sauke sai mutumin ya ce shi ya riga ya biya duka, kuma wai kwando shida sun lalace. Na kwana biyu a can, na dawo ba ciko. Ina mafita? Daga wani direba a Deba.

Amsa: Allah ya mayar da alheri. Na wannan karon, ka kai maganar wajen shugabannin tashar da aka yi lodin, da shaidar wanda ya ga an ba ka rabi. Ɗan kamasho da tasha yake ci, ba zai so a hana shi lodi a kan cikonka ba. Galibi a nan ake warwarewa ba sai an je gaban alƙali ba.

Na gaba kuma, kafin kwandon farko ya hau mota a gama magana biyar: nawa ne kuɗin mota, nawa ne kafin alƙalami, wa zai ba da ciko, wa zai biya 'yan dako a lodi da sauka, kuma nawa ne kuɗin kwana in an tsayar da kai. Kafin alƙalamin kada ya gaza kuɗin man zuwa da dawowa da na hanya, yadda ko an cuce ka ba za ka maƙale a garin mutane ba. Sannan ka kira mai karɓar kayan a gaban ɗan kamashon, ka buɗe murya kowa ya ji, ka ce masa ciko kaza ne a wajensa, ya amsa da bakinsa. In ya tura maka saƙon murya ta WhatsApp ya fi, don yana nan a ajiye. Ɗan kamashon da ya hana ka lambar mai karɓa, akwai abin da yake ɓoyewa.

A rubuta takardar kaya: adadi, iri, sunan mai aikawa da mai karɓa, da cikon da ya rage. Ka ƙirga da idonka, ka ɗauki hoto. Kwandon da ka ga ya fara ruwa tun a wajen lodi, ka nuna shi a rubuta. Wannan yana da muhimmanci ko ta fuskar shari'a, domin a mazhabar Malikiyya mai dakon kayan abinci ana ɗora masa biya in ya ce sun salwanta, sai in ya kawo shaidar cewa ba sakacinsa ba ne, ko mai kayan yana tare da shi a tafiyar. Inshorar da yawancin direbobi ke yanka don takardu kuwa ta ɓarnar da ka yi wa wani ce a hanya, ba ta biyan kayan da ke bayan motarka. Ta kaya daban ake yin ta.

Kai ma da naka nauyin. Tumatir ba ya son a lulluɓe shi ruf da tamfol, zafinsa ne ke dafa shi, a bar masa iska. A sa katako tsakanin hawa da hawa don kada na sama ya danne na ƙasa. 'Yan tsaki ma iska suke so, da tafiyar dare ko sanyin safiya, kuma ba a ajiye motar cikin rana da su.

A wajen sauka, ka ga ciko kafin a kwashe kason ƙarshe. In ta banki ne, kada ka yarda da saƙon alat ko hoton rasit, ka shiga asusunka ka ga kuɗin sun zauna. In an ƙi biya, ka nemi shugaban kasuwa da 'yan ƙungiyarku na garin. Kada fushi ya sa ka sayar da kayan mutane don ka fanshe, daga nan mai gaskiya yake komawa wanda ake tuhuma.

Tambaya: Wani ya kira ni zai ba ni shatar kwalaye goma sha biyu zuwa Yola a daren nan, kuɗin ya ninka na kullum, amma ya ce kada a buɗe don magani ne. In ɗauka? Daga mai J5 a Bajoga.

Amsa: Kada ka ɗauka sai an buɗe. Mai maganin gaskiya yana da shago da rasit na inda ya saro, kuma ba ya jin haushin a duba. Ranar da jami'an NDLEA ko kwastam suka tsayar da kai, wanda ke riƙe da sitiyari za a fara kamawa, motar kuma a tsare ta, lambar da ta kira ka tana iya zama a kashe. Ka je shagonsa a yi lodin a can da rana ko a gaban shaidu, ka zaɓi kwali uku ko huɗu da kanka, har da na ƙasa, a yanka a gabanka, abin da ke ciki ya dace da abin da ke rubuce a rasit. Ka ɗauki hoton rasit ɗin da katin shaidarsa, ka tura wa wani naka a gida kafin ka tashi. In ya ƙi ko ɗaya daga cikin waɗannan, ka ba shi haƙuri ka ce motar tana da aiki.