Ubuntu da Windows sun ce faifaina ya lalace, in sayi sabo?

Tambaya: Malam, na saka Ubuntu (wani tsarin gudanar da kwamfuta na Linux) a gefen Windows 10 a kwamfutata. Tun ranar Ubuntu ya ƙi buɗe D: inda takarduna suke, wai akwai matsala a ciki. Windows kuma sai nuna min wani ɓangare yake, yana cewa in yi masa format. Mai gyara ya ce faifan ajiyar ya mutu. In sayi sabo?

Amsa: Riƙe kuɗinka tukuna, kuma ko da wasa kada ka danna format ɗin nan. Ɓangaren da Windows ke ƙorafi a kansa shi ne inda Ubuntu yake zaune. An tsara shi da ext4, wato tsarin ajiye fayiloli na Linux, Windows kuwa bai iya karanta ext4 ba, shi ya sa yake ɗaukarsa fanko. Kana dannawa, Ubuntu ya tafi.

Maganar D: ta fi buƙatar bayani. Tun daga Windows 8 a 2012, Microsoft ta shigo da Fast Startup, dabarar sa kwamfuta ta tashi da sauri. In ka kashe kwamfuta, ba ta mutuwa gaba ɗaya. Windows yana adana halin da yake ciki a fayil ɗin hiberfil.sys, ya bar ɓangarorin NTFS (tsarin ajiye fayiloli na Windows), irin su D:, kamar ɗakin da mai shi ya bar kaya a baje zai dawo. Ubuntu ya tarar da haka, sai ya ƙi rubuta komai don kada ya ɓata maka fayiloli. Ni dai ina ganin ya yi daidai.

Shiga Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do, ka cire alamar Turn on fast startup. In ta ƙi taɓuwa, danna Change settings that are currently unavailable a sama. Sannan ka buɗe Command Prompt a matsayin administrator, ka rubuta chkdsk D: /f, umarnin da ke duba D: ya gyara kurakuransa, ka bari ya gama. Wannan zai share alamar matsala da ke maƙalewa a faifai in an ɗauke wuta kwamfuta na aiki, abin da masu mataccen batir suka sani sarai. Wasu za su ce ka yi ntfsfix, umarnin gyara NTFS, daga Ubuntu, amma bai kai chkdsk ba.

Amma kafin ka yi chkdsk ɗin, don hankalinka ya kwanta, sauke CrystalDiskInfo, manhajar da ke duba lafiyar faifai. In ya nuna Good da shuɗi, faifanka lafiya lau. In Caution ne da rawaya, musamman a layin Reallocated Sectors Count mai ƙirga wuraren da suka lalace a faifan, to mai gyaran yana da gaskiya: kwashe takardunka zuwa wani wuri kafin ka taɓa chkdsk.