Ga mai son ɗauko kare daga gidan marayun dabbobi a Ingila

Malam, sannu da wannan jarrabawa, Allah ya mayar da alheri. Na ga ka ce ɓarayi sun fasa ɗakin ajiyar da ke bayan gidanka sun tafi da keke, shi ya sa kake son zuwa inda ake tara karnukan da ba su da masu su ka ɗauko ɗaya, ka ɗaure shi a baya ya riƙa gadi. Kana tambaya kyauta ne ko da kuɗi, kuma wane iri ya fi. Shekarata huɗu da kare daga irin wannan gida, bari in faɗa maka abin da na gani.

Idan ka gaya musu gadi zai yi, a waje zai kwana, da wuya ka fito da ko jelar kare. Su a wurinsu kare ɗan gida ne, a ɗaki yake kwana. Manyan irin su Battersea ta Landan, wadda take nan tun 1860, da Dogs Trust da RSPCA, duk fom za su fara miƙo maka: gidan naka ne ko haya, mai gidan ya yarda, shekarun yaranka nawa, akwai kyanwa, awa nawa za a bar karen shi kaɗai. Da yawansu ba sa son ya wuce awa huɗu. Ni wata dattijuwa aka turo ta duba gidana. Ta zagaya baya, ta dafa shingen katako ta girgiza, ta ce ya yi gajere. Sai da na ƙara masa tsawo sannan aka ci gaba da magana. A raina na ce ko auren 'yarsu na zo nema iyakar binciken ke nan.

Kyauta kam ba kyauta ba ne. Na biya fam 200 da ɗoriya, kuma ban ga tsadarsa ba, don an riga an yi masa allurar rigakafi, an yi masa fiɗiya, an sa masa 'yar na'urar nan ta gane mai kare, mai girman ƙwayar shinkafa, a ƙarƙashin fata, wadda doka ta wajabta wa kowane kare tun 2016. Kuɗin gaske daga baya yake zuwa. Dabba ba ta da NHS, wato asibitin gwamnati na kyauta. Ranar da nawa ya yanke ƙafa da fasasshiyar kwalba, ɗinkin da likitan dabbobi ya yi masa ya fi kuɗin da na ɗauko shi. Tun ranar nake biyan inshora duk wata, ban ƙara gardama ba.

Ni abin da ya kai ni, likita ne ya ce sukarina ya hau, in riƙa tafiyar ƙafa kullum, ni kuma na san kaina, in babu mai tilasta ni ba zan fita cikin sanyin nan ba. Da na shiga wurin, haushi ta ko'ina kamar za su tsaga kunne, sai can a ƙarshen layi ga wani baƙi, dogo, siriri, yana tsaye shiru. Ina ganinsa na tuna karnukan 'yan farautar garinmu, masu shafaffen cikin nan. Ashe tsohon ɗan tsere ne, irin da ake kira greyhound, har da lamba da aka zana masa a cikin kunne. Yara suka sa masa Duna.

To ka ji inda tsugune ba ta ƙare ba. Duna bai taɓa zaman gida ba, daga keji sai filin tsere. Bai san matakalar bene ba, ƙafa ɗaya-ɗaya na riƙa ɗora masa kamar mai koya wa yaro tata. Ya sha gwara kai da ƙofar gilashi. Kwana uku na farko ya ƙi abinci, ya maƙale a lungu yana rawar jiki, har uwargida ta ce mu mayar musu da abinsu. Ya kai wata uku kafin ya sake. Daren 5 ga Nuwamba kuwa, da ake ta harba tartsatsin wuta, har yau a bayan kujera yake kwana. In mun fita da takunkumi a bakinsa, don in ya hango kyanwa ko zomo ba ya ji ba ya gani. Gadi kuwa? A shekara huɗu haushin da na ji ya yi bai kai goma ba. Ɓarawo zai tsallake shi yana barci ya ɗauki talabijin.

Za ka ce sai ka nemi mai zafi. A nan ne zan ja kunnenka. Tun 2014 dokar karnuka masu haɗari ta shigo har cikin gida: in karenka ya ciji ɗan kai wasiƙa a ƙofarka, kai za a gurfanar. Irin da ake kira XL Bully kuma, tun Fabrairun 2024 laifi ne riƙe shi babu takardar izini. Kada wani ya tallata maka ɗan kwikwiyo mai arha a Facebook ka kwaso wa kanka rigima.

Sai ɗawainiyar yau da gobe, wadda ita ce ba a faɗa. Safe da yamma sai ka fita da shi, ko ana ruwa ko ƙanƙara, har da azumi. Ka tafi da leda a aljihu, in ya yi kashi ka durƙusa ka kwashe da hannunka, in ba haka ba tara ce. Wannan kaɗai ya isa ya kori rabin mutanenmu, ni ma na daɗe ina waige-waige kada wani ɗan gida ya gan ni. Kuma ka manta da zuba masa ragowar tuwo da miya yadda muka saba gani, albasa guba ce gare shi, haka inabi da zabibi da cakulan. In za ku je gida hutu, ka tanadi kuɗin inda za a ajiye shi, kowane dare da farashinsa.

Batun addini ba ni da hurumin ba ka fatawa. Abin da aka karantar da mu a Malikiyya shi ne kare mai rai ba najasa ba ne, ƙwaryar da ya sa baki ce ake wankewa sau bakwai. Amma hadisin raguwar lada ga mai riƙe kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba yana nan, malamai kuma sun yi magana kan ko gadin gida ya shiga ciki. Ka zauna da malaminka, ka kuma zauna da matarka. Mu a gidanmu Duna ba ya hawa sama, ba ya shiga ɗakin da muke salla, kuma akwai baƙin da suka rage zuwa saboda shi. Ban ga laifinsu ba.

Don keke dai, ni da kai ne da na sayi kwaɗo mai ƙarfi, fitila mai kunna kanta in an gifta, da kyamara. Duka ba su kai abincin Duna na wata shida ba. In kuma karen ne ya kwanta maka a rai, yawancin gidajen nan suna neman masu zuwa su fita da karnuka yawo a sa-kai. Ka yi musu Asabar huɗu a watan Janairu, da ledarka a aljihu, sannan ka cike fom ɗin.