Kafin Ka Yanka Dutse, Tambayi Me Ake Dafawa a Kicin ɗin

Yarona, ka same ni jiya da yamma ina rufe shago, ka ce wata Hajiya ta ba ka aikin kantar kicin, ta bar maka zaɓi tsakanin farin mabul da baƙin giranit, mai sheƙi ko marar sheƙi. Ban ce maka komai ba a lokacin, saboda tambayar ta fama mini mikin da ya shekara 11 bai warke ba. Ga amsarka yanzu. Ka karanta har ƙarshe, ban da irin karatunku na waya, layi biyu ku ture da yatsa.

Ka tambaye ta wa ke girki a kicin ɗin? Na san ba ka tambaya ba. Ku yaran yanzu hoto kuke nuna wa mai aiki, ya ce wannan ya yi kyau, ku karɓi kafin alƙalami ku tafi kuna murna.

Wani Alhaji ne a nan Kano ya gina wa uwargidansa sabon gida. Ita kuma ta ga farin mabul na Karara, wanda ake haƙowa a Italiya, a wani otal a Dubai, ta ce shi take so, mai sheƙi kamar madubi. Na zauna na yi mata bayani a gaban mijinta. Na ce Hajiya, mabul dangin farar ƙasa ne, duk abin da ke da tsami yana cin fuskarsa, kuma yana shan mai. Ta ce mini, "Malam, da kuɗinka za a saya ko da namu?" Alhaji ya yi dariya ya ce in yi mata abin da take so. A nan na yi kuskuren da ban sake yi ba har yau: na yarda da baki, ban rubuta komai ba. Ya ba ni rabin kuɗi, sauran sai an gama.

Na sa aka ɗauko falle uku daga Legas, kaurin santimita 2. Ɗaya ya tsage a mota, na biya wani daga aljihuna ban ko faɗa masa ba. Kwana 9 muka yi a gidan da yara huɗu. Bakin kantar da hannuna na zagaye shi, mahaɗar da ke kusa da wurin wanke-wanke kuwa sai ka kawo fitila kafin ka ga layinta. A Kano ta lokacin ba mu fi mu uku da za mu iya wannan aikin ba. Ranar da na miƙa, Hajiya ta kira ƙawayenta suna shafa dutsen. Alhaji ya ce in dawo ƙarshen wata.

Mako uku bayan nan aka yi suna a gidan. Mata suka cika kicin. Aka jiƙa tsamiyar kunu a kan kantar, aka yanka lemon tsami a kanta ba faranti, zoɓo ya zuba, aka bar galan ɗin manja ya kwana yana tsatsafo ta ƙasa. Da aka kira ni na tarar da zobba-zobba inda sheƙin ya mutu, ga wani tabo ruwan goro kamar faɗin faifai. Mutumin da ya yi dariya ranar da nake gargaɗi, shi ne ya dube ni a gaban masu gadinsa ya ce jabun mabul na sa masa.

Na haɗiye. Na kwaɓa hoda da asiton, wato ruwan da ake goge jan farce da shi, na shafa a kan tabon, na rufe da leda kwana biyu, na maimaita har sau huɗu kafin man ya fito. Na sake goge fuskar gaba ɗaya da faifan lu'ulu'u, daga mai kaushi har mafi laushi. Mako biyu ina wannan aikin kyauta. Da na gama ya ce sai bayan Sallah. Bayan Sallah maigadi ya ce ya yi tafiya, ga motarsa ina gani a ciki. Na kai magana wurin wani dattijo da yake jin nauyinsa, dattijon ya yi mini tambaya ɗaya: ina takarda? Babur ɗina na sayar na biya mutumin Legas da yarana. Bai tsaya nan ba, ya bi abokansa yana ɓata mini suna, ayyuka biyu da na riga na auna suka suɓuce. Kuma dutsen da ya kira jabu yana nan a kicin ɗin, wani yarona ya je sa tayil a gidan bara ya gan shi da idonsa. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

To, idan gidan Hajiyarka gida ne da ake miyar manja da tumatir kullum, giranit za ka sa. Ya fi mabul tauri nesa ba kusa ba, wuƙa ba ta karce shi da sauƙi, tsami bai dame shi ba. Amma kada ka yarda da sunan da ɗan kasuwa ya faɗa maka. Karɓi gutsure. Ɗiga masa lemon tsami da manja da ruwa, ka bar su kamar minti 15 ka goge. Inda lemon ya kashe sheƙi, ba na kicin ba ne. Inda ruwa ya bar duhu, dutsen yana sha, sai an shafa masa maganin toshewa, kuma giranit mai haske ya fi mai duhu sha. Baƙin kuwa, jiƙa farin ƙyalle da asiton ka murza. In ƙyallen ya yi baƙi, rini aka yi wa dutse mai ruwan toka, ajiye musu kayansu.

Batun fuska, mai sheƙi ya fi hana tabo kamawa, shi ya sa na fi sa shi. Sai dai baƙi wuluk mai sheƙi wahala ne a garin nan: ƙurar hunturu tana kwanciya a kai awa ɗaya bayan an goge, ruwan burtsatse kuma yana barin farin zane. Ka nema mata mai ɗigo-ɗigo, irin Black Galaxy ko Tan Brown da ake kawowa daga Indiya. Baƙi marar sheƙi kada ka fara, duk yatsa mai maiƙo sai ya fito a kai. Akwai wanda ake gogewa ya yi gurzi-gurzi kamar fatar jima, yana ɓoye sawun hannu, amma mai murza fulawar cincin za ta yi ta ƙwaƙular kwaɓi daga ramukansa. Wanda aka babbake da wuta na matakala ne da tsakar gida. In ta dage sai mabul, marar sheƙi ya fi ɓoye cin tsami, ko da yake ya fi shan mai, kuma ta sa hannu a takarda cewa ka faɗa mata.

Awo da daidaita kabad da sa gam ba zan ɓata bakina a kai ba. Wanda ya shekara biyu a shagona bai iya wannan ba, ya nemi wata sana'a.

Hajiyar za ta iya ce maka kwaz, wanda ake haɗawa a masana'anta da garin dutse da gam. Ba ya shan tabo, amma tukunya daga wuta tana ƙona gam ɗin, kuma ba a gyarawa. Ƙurarsa ce ta fi muni. Ostareliya ta hana aiki da shi daga watan Yuli na 2024 saboda yadda yake lalata huhun masu yanka. Na gan ka ranar Talata kana yanka giranit a bushe, ba ruwa, ba abin rufe hanci, waya a kunne. In na sake gani, giranda ta bar hannunka wata guda.

Gobe bayan Asuba ka zo da gutsuren duwatsun biyu da lemon tsami da ɗan manja. Za mu gwada a gabanta. Ka zo da takarda da biro, kuma ka ce mijinta ya kasance a wurin.