Amsa ga Kawuna na Bagalam kan Jikansa Mai Harbi a Dusar Ƙanƙara

Kawu, ina gaishe ku da kyau. Ina gajiya, ina sanyi, yaya Inna da yara da mutanen Bagalam baki ɗaya? Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Saƙon muryarku ya iso. Kun ce an nuna muku hoton jikanku kwance rub da ciki a kan dusar ƙanƙara ya kafa bindiga a kafaɗa, an kuma nuna muku mu manya mun cika ɗaki muna ihu gaban tele saboda wasu Turawa masu tsere da bindiga goye a baya. Kuka tambaya ko abin da muka zo nema Faransa ke nan. Na ga gara in amsa a rubuce kuma a fili, don iyaye da dama daga Maradi da Tibiri da Tasawa sun yi wa ƴaƴansu na nan irin wannan tambaya.

Na san inda tambayar ta samo tushe. Wanda yake kwana yana tashi da labarin Madarunfa da Gabi da Gidan Runji, inda ƴan bindiga ke tsallako iyaka cikin dare su kore shanu su ɗauke mutane, ba yadda za a yi ya ga bindiga hannun yaro ya kira ta wasa. Mu ma waɗannan labarai suna iske mu, suna hana mu barci. Saboda haka ban ɗauki maganarku da sauƙi ba.

Sunan wasan biyatlon. Abu biyu aka gama: tsere a kan dusar ƙanƙara da harbin allo. Mutum yana ɗaura siki a ƙafafunsa, wato wasu dogayen katakai biyu sirara masu santsi, ya riƙe sanda a kowane hannu yana tunkuɗa kansa, hawa da gangara, da bindigar da ba ta gaza kilo 3 da rabi ba a bayansa. In ya iso filin harbi sai ya sauko da ita ya auna baƙaƙen ɗigo 5 da ke nesa da shi mita 50. In a kwance zai harba, faɗin wurin da ake so ya samu santimita 4 da rabi ne, kamar gindin ƙaramin kofin shayi. In a tsaye ne, santimita 11 da rabi. Ɗigon da harsashi ya samu, farin murfi ke rufe shi nan take, kowa ya gani. Wanda aka kuskure kuwa yana da tara: kowane kuskure zagaye ɗaya ne na mita 150 a wata ƴar da'ira da ke gefen fili, ya ci wa mutum sama da daƙiƙa 20, abokan tsere kuma ba jiransa za su yi ba. A tseren kilomita 20, wanda ya fi sauran daɗewa, ba a yin zagayen, minti 1 ake ɗora wa mutum kan lokacinsa.

Ba zan ɓoye muku ba, asalinsa aikin soja ne. Sojojin da ke tsaron iyakar Norwe da Suwidin su suka fara gwada junansu da shi tun ƙarni na 18. Ya shiga wasannin Olamfik na lokacin sanyi a 1960 a Amurka, lokacin da manyan bindigogi ake harbi. A 1978 aka koma ƙaramar bindiga mai ƙaramin harsashi da tazarar mita 50, shi ya buɗe wa farar hula ƙofa sosai. Mata sun shiga nasu a Olamfik ta 1992, nan Faransa.

Wuyar abin ba a harbin take ba, ba kuma a gudun ba, a haɗa su take. Mutum ya hau tudu da iyakar ƙarfinsa, zuciyarsa na bugawa kusan sau 180 a minti, ƙirji na ɗagawa, ƙafafu na rawa, yatsu sun sandare, ga iska tana kaɗa ƴan tutocin da aka kafa a filin don a gane inda ta nufa. A haka ake so ya tsaya cik, ya riƙe numfashi, ya taɓa kunama a hankali sau 5, gwanayen kuma ba sa kai daƙiƙa 30 sun gama. Wanda ya ce bari ya huta tukuna, an wuce shi. Wanda ya yi garaje, sauri ya haifi nawa, ya tafi zagayen tara yana kallon bayan mutane.

Bari in ba ku labarin tseren da har yau ake maimaita shi a fadarmu, don shi ya jawo yawancinmu. Ranar Lahadi ce, 18 ga Fabrairu 2018, a Olamfik ta Piyoncan a Koriya ta Kudu. Can dare ne, an kunna fitilu; nan rana ta take tsaka, kuma lokacin sanyi agogonmu da na Maradi ɗaya ne. Tseren maza na kilomita 15, irin wanda ake sakin mutum 30 lokaci guda, zagaye 5, harbi sau 4, biyu a kwance biyu a tsaye, harsashi 20. Wanda ya fara isa shi ya ci, ba wani lissafi. Martin Fourcade na Faransa ya kuskure ɗaya tun harbin farko ya koma baya, ya yi ta wuce mutane ɗaya bayan ɗaya har ya dawo gaba. A harbin ƙarshe, a tsaye, shi da Simon Schempp na Jamus kowa ya kuskure ɗaya, suka yi zagayen tara, suka fito tare. Kilomita 3 na ƙarshe ba wanda ya iya yakice ɗan'uwansa. Da suka iso layi kowa ya miƙa ƙafa iyakar miƙawa, agogo ya ba su lokaci ɗaya, minti 35 da daƙiƙa 47 da ɗigo 3. Fourcade ya ɗauka an kayar da shi, ya maka sandarsa a ƙasa don takaici. Yana da dalili: shekara 4 kafin nan, a rana irin wannan ta 18 ga Fabrairu, a Soci ta Rasha, a irin wannan tseren, haka suka iso layi da Emil Svendsen na Norwe, hoto ya ba Svendsen. Wannan karon da aka duba hoto, tsinin takalmin Fourcade ne a gaba. Svendsen ɗin kuma shi ya zo na uku.

Fourcade ba baƙo ba ne ga yaran nan. A tsaunukan Vercors da ke saman garinmu Girenobul ya yi horonsa, kuma shi ya riƙe kofin duniya shekara 7 a jere, daga 2012 zuwa 2018. Yaron da ya taso nan ya san sunansa kafin ya san na ministoci.

To, me ya kai mu? Sanyi ne ya kai mu, Kawu, kuma nan nake so ku tsaya ku dube mu da kyau. Hunturun Maradi ƙura ce da hazo da wutar kara da safe, rana na ɗagawa kowa ya fita harkarsa, yara suna ƙofar gida, maƙwabta na ganinsu, duk wanda ya ga ba daidai ba ya tsawata. Nan garin cikin kwari yake, duwatsu sun kewaye shi. A watan Disamba kafin ƙarfe 5 an yi magariba. Babu ƙofar gida, babu dandali, babu maƙwabcin da zai tsawata wa ɗan wani. Daga Nuwamba har Maris, yaron da bai da abin yi a waje yana ɗaki ne shi da waya, kuma uba bai san da wa yake hira ba. Lekol tana kai yara kan dutse su koyi siki. Wanda ubansa ya hana, shi ake bari a baya, washegari abokansa na labari shi yana gefe. Mun ga abin da wannan kulle yake yi wa yaro. Yana girma yana jin shi ba ɗan nan ba ne, ba kuma ɗan can ba, sai ya nemi waɗanda za su karɓe shi, kuma ba kullum mutanen kirki ke karɓa ba. Ni a ganina, tunda Allah ya hukunta a nan aka yanke cibiyarsu, wajibi ne su san ƙasar da suke takawa, rani da sanyi, kada rabin shekara ya zama musu kurkuku.

Bindigar da kuka gani a hoton ba ta da harsashi. Haske take fitarwa, na'ura ta nuna an samu ko an kuskure; da ita ƙananan yara ke farawa. In sun ƙara girma a ba su ta iska a tazarar mita 10. Mai harsashin gaske sai matashi ya kai munzali, da lasisi, da malami tsaye a kansa, in an gama a kulle ta. Ko manyan da kuke gani a tele, bakin bindigar sama yake kallo in tana baya, ba a barin harsashi a bakinta sai an tsaya a tabarmar harbi, wanda ya saɓa kuma korarsa ake daga tseren komai sunansa. Abin da na gani a jikanku shi ne yaro mai saurin fushi ya koyi tsayawa ya ja numfashi kafin ya motsa hannu. Uwarsa ta riga ni lura.

Ɗakin da kuka ga mun cika kuwa fadarmu ce. Da bazara a lambun gari muke zama. In sanyi ya shigo sai mu koma gidaje, kowace Lahadi gidan mutum ɗaya. Gasar kofin duniya tana farawa ƙarshen Nuwamba ta kai Maris, daidai watannin kulle, kuma tashar L'Équipe na nuna ta kyauta. Ana ɗora shayi, na ɗaya da na biyu da na uku, a ci dambu, in wani ya dawo daga gida a fasa kilishi. Doka ɗaya muka kafa: tele ta yi Faransancinta, amma duk wanda zai buɗe baki cikin ɗakin da Hausa zai yi. Yaran sun fi mu sanin wasan nesa ba kusa ba, su ke gaya mana wane ne zai iya da iska, wane ne hannunsa ke rawa a harbin tsaye, dole kuma su nemo Hausar faɗar haka. Ban san wata dabara da ta sa su magana kamar wannan ba. A ɗakin nan dai muke kallon kokowar takobi ta intanet in lokacinta ya zo, kuma ba yaron da bai san Kantu na Maradi ne ya fara ɗaukar takobi a Tawa a 1975 ba.

Sallah ba ta faɗuwa. In za mu hau dutse da alwala muke fita, da darduma a jaka. Shafa a kan huffi da muka karanta a zaure ba mu taɓa buƙatarsa a Maradi ba, nan muka san rahamar da ke cikinsa. Kuma kun fi ni sanin cewa Ahalari ya lissafa ƙanƙara cikin abubuwan da ake taimama da su. Mun haddace shi muna yara ba mu taɓa ganinta ba, ga shi ƴaƴanmu na takawa. Duk shekarar da aka kawo gasar kofin duniya garin Le Grand-Bornand a Disamba, tafiyar kamar awa 2 daga nan, mukan haɗa kuɗi mu ɗauki kar. Ana sayar da giya da naman alade a wurin, ba na musu. Da guzurinmu muke zuwa, mu tsaya wuri ɗaya da yaranmu, mu dawo tare.

Ba dukanmu muka yarda ba. Akwai dattawan da suke ganin mun zaƙe, suna zuwa shan shayi amma ba sa barin ƴaƴansu su shiga, kuma ba mu raina ra'ayinsu. Kayan suna da tsada, shi ya sa muke sayen na hannu, in yaro ya girma ya miƙa wa ƙanen wani. Maganar ƴan mata ita ta fi zafi, don kayan tseren matsattsu ne. Wasu gidaje sun bar su da sutura mai yalwa da ɗankwali ƙarƙashin hula, wasu sun ce a'a, har yau ba a daidaita ba. Abin da muka daidaita a kai shi ne lokaci: Laraba da rana, da ba lekol, ta dutse ce, Asabar da safe ta makarantar allo ce, in suka ci karo karatu ke gaba.

Kun kuma ce yaya muke yi wa Faransa tafi bayan abin da ya shiga tsakaninta da Nijar tun 2023. Zuciyarmu mu manya tana gida, da takardunmu da gonakinmu da kaburburan iyayenmu. Amma yaro ba gwamnati yake tafa wa ba, yana tafa wa wanda ya gani yana horo a dutsen da ke bayan makarantarsu. Ban ga dalilin ɗora masa rigimar da ba shi ya haɗa ba.

Ko ana cin abinci da shi? Kaɗan ne ke kaiwa. Da yawa daga gwanayen Faransa soja ko duwan ke biyansu albashi suna wasa; Quentin Fillon Maillet, wanda ya ɗauko lambobi 5 a Olamfik ta Bejin a 2022, biyu na zinariya, ma'aikacin duwan ne. Ni ban sa wa jikanku wannan buri ba, karatunsa na lekol shi ne sana'arsa, kuma ya san ranar da sakamako ya faɗi, siki zai koma bayan ƙofa.

Ranar Juma'a in kun sauko daga masallaci zai kira ku. Ku tambaye shi duk abin da ban faɗa ba, ku kuma karɓi haddarsa. Ya wuce Sabbi, yana cikin Amma. A gaida Inna, a ce mata kukar da daddawar da ta aiko sun iso lafiya.