Ma'aikatu nawa ne ke dogara da buɗaɗɗun manhajoji wajen adana kwafin bayanansu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne ke kula da kwamfutoci a wata ƙungiya mai zaman kanta a Kaduna, kuma da Bacula, wata buɗaɗɗiyar manhaja ta kyauta, nake ɗaukar kwafin bayananmu kowane dare. Yanzu kwamitin gudanarwa ya ce kayan kyauta ba abin dogaro ba ne, sai in kawo alƙaluman da ke nuna yawan ma'aikatun da ke amfani da irin wannan manhaja, in ba haka ba a sayi ta kuɗi. Tsorona shi ne ranar da wani abu ya lalace a ɗora mini laifi. A ina zan samo alƙaluman?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Duk wanda ya kawo maka kaso kaza cikin ɗari a wannan batu, fara tambayarsa yadda ya yi ƙidayar. Masu nazarin kasuwa irin su Gartner da IDC kuɗin da aka biya suke bi, shi ya sa manhajojin ajiya na kuɗi irin su Veeam da Commvault ke cika rahotanninsu, alhali manhajar da aka sauke kyauta ba ta barin rasit. Debian, wani nau'in Linux (buɗaɗɗiyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta), na da tsarin ƙirga manhajojin da aka girka, amma sai na'urar da mai ita ya amince ta aika rahoto, kuma manyan ma'aikatu ba su cika barin sabobinsu, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanansu, su yi hakan ba. Yawan saukewa ma ba mizani ba ne, domin saukewa ɗaya na iya wadatar da na'ura ɗari, sannan akwai ofisoshin da rsync, wata manhajar kwafar fayiloli ta kyauta, ke yi musu aiki a cikin akwatunan ajiyar bayanai na Synology da QNAP ba tare da sun taɓa jin sunansa ba.

Abin da za ka iya kai wa kwamitin shi ne tarihin waɗannan manhajoji da kamfanonin da ke tsaya musu. An fara Amanda, ita ma manhajar ajiya ce ta kyauta, a Jami'ar Maryland ta Amurka a 1991, rsync ya fito a 1996, Bacula kuma a 2002, kuma duk suna nan ana amfani da su. Idan takardar yarjejeniya suke so, kamfanonin Bacula Systems a Switzerland da Bareos a Jamus suna sayar da tallafi ga mai buƙata.

Sai dai abin da ya fi damuna yana cikin tambayarka ne: ka ce kana ɗaukar kwafi kowane dare, amma ba ka ce ka taɓa dawo da shi ba. Wannan ita ce fahimta mafi haɗari da nake cin karo da ita kullum, wato ganin cewa tunda manhaja ta nuna koren alama da safe, to bayanai suna nan lafiya. Koren alamar tana nufin aikin ya kammala ne kawai. Ba ta gaya maka ko an kwafi rumbun bayanai yana tsakiyar rubutu ba, ko kalmar sirrin buɗe kwafin tana kan sabar da ta ƙone, ko an manta da babban fayil ɗin ofishin kuɗi tun ranar da aka sauya masa wuri.

A ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu a shafinsa, ya goge kusan gigabait 300 na rumbun bayanansu bisa kuskure. Suna da hanyoyin ajiya har biyar, amma da aka je dubawa babu wadda ke aiki yadda aka zata. Pg_dump, manhajar kyauta da ke ɗaukar musu kwafin rumbun, ya daɗe yana gazawa saboda sigarsa ba ta dace da ta rumbun ba, saƙonnin gargaɗin da yake aikawa kuma ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su shi ne wani kwafi da aka ɗauka da hannu sa'o'i shida kafin nan, kuma aikin waɗannan sa'o'i ya tafi ke nan. Kada kwamitinku ya yi saurin cewa ai ga illar kayan kyauta: a Disambar 2021 Jami'ar Kyoto ta Japan ta yi asarar kimanin terabait 77 sakamakon kuskure a tsarin ajiyar da kamfanin HPE ke kula da shi, kuma wannan da kuɗi aka saya. Haka gobarar cibiyar ajiyar bayanai ta kamfanin OVH da ke Strasbourg a Faransa, a Maris na 2021, ta cinye bayanan waɗanda kwafinsu ke ajiye a wuri guda da na asalin, ko da wace manhaja suka ɗauka.

Ga kuma 'yan kwangilar da ke zuwa ofis su haɗa faifai biyu masu kwafin juna, ko su buɗe Google Drive mai daidaita fayiloli, su ce an gama, a biya su. Abin da ka goge a nan ya goge a can nan take, kuma idan manhajar masu garkuwa da bayanai ta kulle fayilolinka, kullallun za a kwafa a kan masu kyau. Wasu ma manhajar sata suke girkawa su rubuta kuɗin lasisi a takarda, kwamiti ya sa hannu hankali kwance saboda ya ga rasit. Bayanan albashin ma'aikata da sunayen mutanen da kuke yi wa hidima amana ce, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin kiyaye su a kan ƙungiyarku, ba ta tambayi nawa aka kashe ba.

Saboda haka kafin zaman kwamiti na gaba, ka sami kwamfutar da ba komai a kanta, ka dawo da rumbun bayananku daga kwafin daren jiya, ka kira mai lissafin kuɗinku ya buɗe ya tabbatar da lissafinsa da idonsa, ka rubuta tsawon lokacin da aikin ya ɗauka. Ka tabbatar akwai kwafi uku a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wajen ginin kuma a cire yake daga intanet, sannan ka ajiye kundin Bacula (jerin abin da aka kwafa da inda yake) da mabuɗan sirri a wani wuri dabam. Ka nemi kwamitin ya sa wannan gwaji a jadawali duk wata uku, ya kuma wajabta shi a kan duk kamfanin da ya zo tallar tasa manhajar.