Marka ta hana shanya bushewa: wace na'urar tsotse danshi zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a bene na haya a Fadamar Mada, cikin garin Bauchi, kuma ba mu da tsakar gida da za mu yi shanya. Da zarar marka ta kankama, kayan makarantar yara da na jaririna sukan kwana biyu a kan igiya cikin ɗaki ba su bushe ba, gilashin taga yana raɓa da asuba, funfuna ta kama bayan kabad, fentin bangon ɗaki ɗaya kuma yana ɓarewa daga ƙasa. An ba ni shawarar sayen na'urar tsotse danshi. Wace iri ce ta dace? Daga wata mai karatu a Bauchi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Matsalolin da kika lissafa ba asalinsu ɗaya ba, saboda haka na'urar ba za ta magance su duka ba. Wanki ɗaya na iyali yana iya sakin ruwa kimanin lita 2 a cikin iskar ɗaki, kuma a watan Agusta iskar da ke shigowa daga waje ita ma a jiƙe take, ba ta da wurin karɓar ƙari. Wannan ne ke kawo raɓar taga da funfunar bayan kabad, kuma a nan na'urar za ta yi miki amfani sosai. Amma fenti mai ɓarewa daga ƙasan bango, musamman idan ana ganin fari-fari kamar gishiri a wurin, alama ce ta ruwan da ke ratsa ginin kansa, ko daga bututun da ya fashe, ko daga banɗaki, ko daga ƙasa idan ɗakin a hawa na ƙasa yake. Wannan aikin magini ne da mai gyaran famfo, kuma mai gidan ya kamata a sanar, domin ko na'urar ta kwana tana aiki bangon ba zai daina jiƙa ba.

Na'urorin iri uku ne a kasuwa, amma ɗaya ce tak ta dace da mu. Ita ce mai kwampreso, wadda ke aiki kamar firji: tana jan iska ta bi ta kan bututu mai sanyi, ruwan ya taru ya ɗiga cikin tanki, iskar ta fito a bushe. Ƙarfinta yana ƙaruwa ne a wuri mai ɗumi da laima, wato daidai yanayin daminar Bauchi. Ta biyu tana shan ruwan ne da wani sinadari, an fi buƙatarta a ƙasashe masu sanyi irin Ingila, tana cin wuta kusan ninki biyu, tana kuma ƙara wa ɗaki zafi, don haka ki bar ta. Ta uku ita ce 'yar ƙaramar nan mai araha da ake tallatawa a intanet, wadda da ƙyar take tara rabin lita a yini. Sayenta don wanki asarar kuɗi ce.

A jikin kwalin za ki ga an rubuta yawan litar da take tsotsewa a awa 24. Kamfanoni sukan auna wannan ne a zafin digiri 30 da laima kashi 80 cikin 100, abin da ke sa mutanen Turai su ga adadin ya wuce gaskiya, mu kuwa ya yi kusa da abin da za mu samu a lokacin marka. Mai lita 12 ta isa ɗaki ɗaya, mai lita 20 ta fi dacewa da iyalin da ke wanki kullum. Ki nemi mai ma'aunin laima wadda ke kashe kanta idan ta kai adadin da aka saita, ki ajiye shi tsakanin kashi 50 zuwa 60, domin funfuna tana samun gindin zama ne idan laima ta daɗe sama da 70.

Batun wuta ne ya fi buƙatar tunani. Irin wannan na'ura tana cin kimanin wat 200 zuwa 400, ƙasa da dutsen guga nesa ba kusa ba, sai dai ita awanni take yi a kunne. Wutarmu bolt 230 ce, saboda haka idan ta hannu za ki saya a Wunti ko Muda Lawal, ki duba takardar da ke manne a bayanta, domin wadda aka shigo da ita daga Amurka ta bolt 120 ce, kuma za ta ƙone da zarar an jona ta kai tsaye. Ki haɗa mata sitabilaiza, ki zaɓi mai tashi da kanta idan an dawo da wuta. Idan da sola kuke amfani, a tambayi mai haɗa muku ko inbatar za ta ɗauki fizgar da kwampreso ke yi wajen tashi. Bayan an kawo ta gida a bar ta a tsaye na wasu awanni kafin a kunna, kamar yadda ake yi wa sabon firji.

Wajen shanya, ki zaɓi ɗaki mafi ƙanƙanta, ki matse kayan sosai, ki bar tazara tsakaninsu, ki rufe ƙofa da taga, sannan ki kunna fanka tare da na'urar. Idan taga a buɗe take, iskar gari na'urar za ta yi ta tsotsa. Kada ki rataya tufafi a kanta, kada kuma a sha ruwan tankinta, amma zai yi amfani wajen goge ɗaki. Ɗakin zai ɗan yi ɗumi, don haka ba inda jariri ke kwana za a yi wannan ba.

A ganina, ki yi lissafi kafin ki fitar da kuɗi, domin daga Yuli zuwa Satumba ne kawai za ki more ta, da hunturu ya shigo kuwa sai dai a ajiye ta a rufe saboda ƙura. Idan akwai na'urar sanyaya ɗaki a gidan, ki fara gwada maɓallin da ke da alamar ɗigon ruwa a jikin rimot ɗinta, domin shi ma tsotse laima yake yi, kuma ga wanki kaɗan yakan wadatar. Kabad ɗin kuma a janye shi daga bango kamar faɗin tafin hannu.