Amsa kan gyaran tsofaffin ƙananan motocin ƙarfe: Matchbox, Corgi da Dinky

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na duba hotunan motocin nan uku da ka ce ka tsinta a cikin kayan wasan yara na gwanjo, kana tambayar yadda za ka kankare musu tsohon fenti ka fesa sabo. Ga Land Rover ta Matchbox mai lamba 12, ga Corgi da fentinta bai ci sosai ba, ga kuma tsohuwar babbar motar Dinky mai tsage-tsage a jiki. A cikin ukun, ɗaya ce kawai za a kankare. Ka ajiye sanfefar nan tukuna.

Corgin nan kada ka taɓa fentinta. Kamfanin Mettoy ne ya fara fitar da Corgi a 1956 daga masana'antarsa da ke Swansea a Birtaniya, abin da suka yi fice da shi kuwa shi ne sanya gilashin roba a tagogi, lokacin da motocin Dinky ke fitowa da tagogi a buɗe. Taka gilashinta lafiya lau, fentin ma 'yan ƙwarzane ne a gefuna. A wajen masu tara waɗannan kaya, fentin asali mai tabo ya fi sabon fenti daraja, ko da wanda ya fesa gwani ne. Abin da take buƙata wanka ne: ruwa mai ɗumi, ɗigon sabulun ruwa, da auduga a kan tsinke, kana bi lungu-lungu. Kada ka tsoma ta cikin ruwa idan akwai tambarin takarda a ƙofa, zai jiƙe ya saɓule. Ka busar da ita sosai, ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kowane aksul, wato sandar ƙarfen da ke riƙe tayoyi, da bakin allura. Shi ke nan.

Dinkyn kuwa labarinta ba daɗi. Waɗannan motoci ba da baƙin ƙarfe ake zuba su ba, da wani haɗi ne da ake kira zamak, ko mazak a Ingila: tutiya ce mafi yawa, da alminiyam kamar kashi 4 cikin 100, da ɗan magniziyam, wani lokaci da jan ƙarfe. Idan darma ko kuza ta shiga haɗin tun wajen narkawa, ko 'yar kaɗan ce, bayan shekaru ƙarfen yakan kumbura daga ciki, ya tsattsage, ya riƙa marmashewa. An fi ganin haka a Dinky na shekarun 1930, wato na farkon da kamfanin Meccano ya yi a Liverpool daga 1934. Tsagen da ke jikin taka da kumburin ƙafafunta alamar wannan ciwo ne, kuma ba shi da magani. In ka sa ta a soda ko ka matse ta za ta wargaje a hannunka. Ka ɗiga sufa gulu mai ruwa-ruwa a cikin tsagen da bakin allura don ya riƙe ta, ka ajiye ta inda babu laima, domin laima ce ke hanzarta shi. Ba ya yaɗuwa zuwa sauran motocin, kada wannan ya dame ka.

Saura Land Rover. Wannan ita ce Safari da Lesney, kamfanin da ya ƙera Matchbox a lokacin, suka fitar a 1965, mai kaya a kan rufi. An buga ta da yawa, ba ta da wuyar samu, taka kuma fentin ya tafi fiye da rabi, har wani yaro ya taɓa shafa mata jan farce. Ita ce daidai ta koyon aiki.

Juya ta ka dubi cikinta. Abin da ke riƙe da farantin ƙasa wani ɗan ginshiƙi ne da ya fito daga jikin motar, aka tauna kansa ya baje. Nan ne yawancin masu farawa ke kashe mota, domin sukan ɗauko babban bakin dirila su kafa kai tsaye. Ƙarami ake fara sawa. Ka samo baki mai kauri milimita 1.6, ka naɗa masa ɗan salatif a tsawon milimita 4 zuwa 5 don ya nuna maka iyakar zurfi, ka huda tsakiyar ginshiƙin tun kan yana nan, saboda ɗan ramin da ke tsakiyar kan shi zai riƙe maka bakin kada ya zame. In ka wuce salatif ɗin, bakin zai ɓullo ta saman motar, ka samu aikin cike rami da ba ka nema ba. Bayan haka sai ka sa baki mai milimita 4 ko 4.5, a hankali ƙwarai, ka cinye bajajjen kan kawai. Da ka ga zoben ƙarfe siriri ya ɓalle, tsaya. Ginshiƙin kansa kana buƙatarsa da tsawonsa. Idan farantin na roba ne, gudun dirila zai zafafa wurin ya narka shi, don haka ka riƙa ɗagawa kana hutawa. Sai ka sa siririn sukundireba ka ɗaga farantin sannu, ba da ƙarfi ba. In ya ƙi, akwai sauran kan da bai fita ba, koma ka ƙara ci kaɗan.

A ciki za ka tarar gilashin ma da ɗan ƙaramin kai aka maƙala shi a rufi. Wannan ba a sa masa inji. Riƙe bakin dirila da yatsu ka murza, domin rufin siriri ne, gilashin kuma ya shekara kusan 60, ƙiris yake jira ya tsage. Ka ɗauki hoton kowane mataki da waya, ka zuba ƙananan kayan a gwangwani mai murfi.

Tayoyi, in suna juyawa kuma aksul bai lanƙwashe ba, ka bar su a kan farantin. Cire su na nufin goge bakin aksul da magagari, mayarwa kuma sai an sake baje bakin da ƙananan bugun guduma, taya tana nan dab da wurin, bugu ɗaya ya kauce ta fashe. Tsatsar da ke kan aksul sanfefa mai lamba 600 da aka yanka siririya za ta ɗauke ta. Wasu na jiƙa duka farantin a ruwan khal, ban goyi bayan haka ba, domin tsami yana cin zamak ya bar shi da toka-toka.

Wajen cire fenti jikin ƙarfe zalla ake sawa, babu roba ko ɗaya a tare da shi. Tina da asitan suna narka gilashi da kujeru nan take. Abu mafi sauƙin samu a wajenmu shi ne sodar da mata ke haɗa sabulu da ita. Ka yi aikin a tsakar gida, da safar hannu ta roba da tabarau, yara kuma su yi nisa. Ka zuba ruwan zafi rabin lita a kwanon silba, wato na sitenles, ba na alminiyam ba, don soda tana cin alminiyam. Ka sa motar a ciki ɗaure da waya, sannan ka riƙa barbaɗa soda kaɗan-kaɗan har cokali ɗaya zuwa biyu na cin abinci. Sodar ake kai wa ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda, kuma in ka juye ta gaba ɗaya za ta tafasa ta fantsamo maka. Kada ka sunkuya kan tururin. Minti 5 zuwa 10 sun isa, za ka ga ruwan ya rine, fentin yana saɓulewa. In ka manta da ita a ciki, sodar za ta koma kan ƙarfen, ya yi baƙi ya fito da ƙananan ramuka. In sodar ta taɓa fata, ruwa mai yawa za ka yi ta kwarara wa wurin na aƙalla minti 15, in ido ne kuwa bayan wankin sai asibiti.

Ka ɗauraye motar sosai, ka bi ta da buroshin tagulla mai laushi. Ragowar fentin da ya maƙale a layin ƙofa da ragar gaba, allura ce ke fitar da shi. A nan ka yi hattara da sanfefa: lamba 600 sannan 1000, a wuraren da ke da ƙwarzane kawai. Layukan ƙofa da marfin inji a motocin Lesney 'yan tudu ne sirara da suka taso daga jiki, shafa biyar mai ƙarfi ta share su, kuma ba sa dawowa. Idan rufi ya ɗan danne, ka tsoma motar a ruwan zafi, ka tura shi daga ciki da ɗan katako, kaɗan yau kaɗan anjima. Zamak ba ya son a lanƙwasa shi sau biyu, karyewa yake. In wani sandan taga ya riga ya karye, kada ka kai wa mai walda, ƙarfen yana narkewa tun wajen digiri 385, kuma dalmar masu gyaran rediyo ba ta kama shi da kyau. Gam mai haɗi biyu irin Araldite da ɗan guntun waya daga ciki sun fi. Ramuka kuma fotin masu gyaran bodi, ɗan mitsitsi a bakin tsinke.

Kafin fenti ka yanka tiredi, wato zanen da sukuru ke bi ya ɗauru, a ramin nan na milimita 1.6, da tap, ɗan ƙarfen yanka tiredi, mai girman M2. Ɗigon mai, murɗa rabi gaba, ɗan koma baya don garin ƙarfe ya fita. Tap ɗin siriri ne, in ya karye a ciki ba ya fitowa. Sai ka wanke motar da sabulu, ka goge da sifirit, daga nan kada yatsanka ya sake taɓa ta. Maiƙon hannu shi ke sa fenti ya riƙa buɗe ƙananan idanu. Ka ɗaura sukuru a ramin, ka riƙe ta da shi da filaya ko waya.

Firaima, wato shafin farko da ake yi kafin launi, dole ce, kuma irin wadda ke cin ƙarfe, wadda masu fentin mota ke fesa wa alminiyam da kwanon da aka yi wa rufin tutiya. In ka fesa launi kai tsaye a kan zamak, zai yi kyau mako ɗaya, sannan farce ya ɓare shi kamar ɓawon dafaffen ƙwai. Shafi ɗaya siriri ya isa, wanda har kana ɗan hango ƙarfen ta ƙasa. Ka bar shi kwana ɗaya.

Launin asali na wannan lamba yawanci kore ne ko shuɗi, duba cikin rufi kafin ka sa ta a soda za ka ga wanda ta zo da shi. Ka tsaya a kan fentin kamfani ɗaya tun daga firaima har zuwa na ƙarshe, domin fenti mai tina mai zafi in ya hau kan fentin mai, sai ya tattare ya yi yamutsi. Ka ɗumama gwangwanin a ruwa mai ɗumi, ba a wuta ba, ka girgiza minti 2 cikakku. Tazara santimita 20 zuwa 25. Ka fara feshin a gefe, ka ratsa motar, ka saki bayan ka wuce ta. Shafi biyu marasa nauyi, minti 10 zuwa 15 a tsakani, na uku ya ɗan fi jiƙa don ya kwanta. In ka matso da yawa zai zubo, in ka yi nisa zai bushe a iska ya sauka da gari-gari.

Yanayinmu ma yana da nasa. Da tsakar rana a bazara fenti na bushewa kafin ya isa jikin mota, don haka da sassafe ake yi. Da damina, ranar da aka kwana ana ruwa, laima na sa shi ya yi fari-fari kamar hazo, gara ka jira rana ta fito. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba: ka yayyafa ruwa a ƙasa, ka yi feshin a cikin kwali da aka kwantar, kana gamawa ka kife roba mai tsabta a kai, ka ɗan ɗaga gefe ɗaya don iska. Kada ka shanya ta a rana don sauri, sama zai bushe ya rufe tinar da ke ƙasa. Fentin gwangwani na mota kwana 2 ya ishe shi, na mai kuwa ka ba shi mako guda. Ni a ganina ba a lafta wa Lesney mai sheƙi mai kauri. Fentinsu na asali yana da ƙyalli amma ba madubi ba ne, in ka cika shi sai ya binne layukan da ka sha wahalar karewa. In kana son taɓa fitilun gaba da ruwan azurfa, tsinken sakace ya fi buroshi, sai dai ka sani duk abin da ka ƙara wanda ba ta zo da shi ba ya fitar da ita daga kamar asali.

Gilashin ka wanke da sabulu. Idan ƙwarzanen mai zurfi ne, sanfefa 1500, 2000, sannan 3000, duka da ruwa, kowace lamba kana sauya wajen shafa. Zai yi dishi-dishi, kada ka tsorata, man goge fitilar mota ko farin man goge baki a kan tsumma mai laushi zai dawo da shi. Wajen mayarwa kada ka kusantar da sufa gulu, tururinsa na bar wa gilashi farin tabo da ba ya fita. Farin gam na kafintoci ɗigo ɗaya a rufi ya wadatar, yana bushewa garau. Kujeru da kayan saman rufi buroshin haƙori da sabulu kawai.

Sai haɗawa: gilashi, kujeru, faranti, sannan sukurun M2 mai tsawon milimita 4 mai zagayen kai. In kan bai rufe ramin farantin ba, sa ɗan ƙaramin zoben ƙarfe mai faɗi, wato wasa, a ƙarƙashinsa. Ɗaure da yatsu biyu, da ya tsaya ka bari, tiredin zamak ba ya jure matsi. Wasu na manna kan ƙusa na ƙarya don a zaci ba a taɓa buɗe motar ba. Ka bar sukurun a fili, kuma ranar da za ka sayar ko ka yi musaya da wani, ka faɗa masa an sake mata fenti.

Wajen ajiya, kabad mai gilashi da rana ba ta dukansa, da 'yan ƙunshin silika irin da ke zuwa a kwalin takalmi, musamman kusa da Dinkyn. Tayoyin roba masu laushi na Corgi kada su zauna kai tsaye a kan katako mai fenti ko farantin roba, man da ke cikinsu yana fitowa da zafi ya manne ya ci wurin. Ka shimfiɗa musu farin kwali a ƙasa. In kuma za ka yi odar sababbin tayoyi daga masu sayar da kayan gyara a Ingila, ka auna faɗin wilin da na tsohuwar tayar da milimita tukuna, kuma ka jiƙa sabuwar a ruwan zafi minti ɗaya kafin ka saka, in ba haka ba za ta yage a bakin wili.